Kafin Ka Taka Tabarmar Mutane

Ɗana, tunda takardar aikinka ta fito, aka ce ƙauyen da za ka koyar yana can cikin duwatsu tsakanin Buza da Keita, akwai maganar da nake so ka riƙe, wadda ba a koya muku a makarantar horon malamai ba. Allo da alli ka iya su. Abin da ya rage maka shi ne shiga gidan mutane. Malamin lakkwal a ƙauye rabin aikinsa a zaurukan iyayen yara yake yinsa. Yau ka je neman yaron da aka tura kiwo, gobe ka je roƙon a bar yarinya ta gama aji shida kafin a yi zancen aurenta, jibi kuma suna ko ta'aziyya. Yadda ka shiga gidan farko, kafin la'asar gari duka ya ji, kuma da wannan labarin za a auna duk maganar da za ka zo da ita daga baya.

Mahaifiyarka ta ce mini kana yawan kallon mutanen Japan a salula, yadda suke ziyartar juna, har kana cewa ba ka taɓa ganin masu ladabi irinsu ba. Na ji daɗin haka, don yaron da ladabi ke burge shi bai ɓata ba. Kuma mutanen nan ba baƙi ba ne ga aikin da za ka shiga. A shekarar 2004 hukumarsu ta taimakon ƙasashe, JICA, ta fara wani shiri na makarantu a nan jihar Tawa, wanda ya sa iyayen yara suka riƙa zaɓen ƴan kwamitin makaranta da ƙuri'a a ɓoye, suna tara abin da za su iya, suna kafa rumfunan karatu da hannunsu. Daga baya aka baza shirin a ƙasa duka. Ƴan kwamitin nan su ne mutanen farko da za ka bi gida gida ka gaisar.

Abin da ka gani gaskiya ne. Mutumin Japan ba ya faɗo wa mutum gida haka kawai. Sai an sa rana an sa lokaci, kuma ba ya riga lokacin isa, don kada ya tarar da uwar gida tana cikin kintsawa. In lokacin sanyi ne, tun a waje yake tuɓe rigar sanyinsa ya ɗora a hannu kafin ya danna ƙararrawa. Daga cikin ƙofa akwai ɗan fili da ya fi sauran gidan ƙasa da taki guda, nan ne iyakar takalmi. Ya tuɓe, ya hau, ya durƙusa ya juya takalman su fuskanci waje, ya matsar da su gefe. Maganarsa ta farko neman gafara ce, cewa ya zo ya dame su. Sai a ba shi silifa na cikin gida. In ɗakin da za a shiga an shimfiɗe shi da tabarmarsu ta gargajiya, wadda suke kira tatami, silifan ma a bakin ƙofa zai bar su, ban-ɗaki kuwa da nasa silifan daban. A cikin ɗaki wurin girma shi ne wanda ya fi nisa da ƙofa, baƙo kuma ba ya kai kansa can. Kusa da ƙofa yake rakuɓewa har mai gida ya ce ya matso. Tsarabarsa galibi abin ci ne da aka naɗe da kyau, da hannu biyu yake miƙa ta, yana ƙasƙantar da ita, yana cewa ba wani abin kirki ba ne. In ya tashi, mai gida ya raka shi waje, ya tsaya har ya sha kwana.

Mutanen nan su suka ƙera Toyotar da za ta hau da kai dutsen Buza, su suka sa jirgin ƙasa mai tsananin gudu tsakanin Tokyo da Osaka tun 1964, amma ilimin zamani bai sa sun shiga ɗakin iyayensu da takalmi ba. Suna da wani malamin shan shayi, Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591. Ɗakin shayin da ake ginawa bisa koyarwarsa ƙofarsa ƴar ƙarama ce, ba a shiga sai da rarrafe, jarumi kuma dole ya bar takobinsa a waje. Ko kai wane ne, a sunkuye za ka shiga.

To, ka sake bin abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya, ka gaya mini wanne ne kakarka a nan Urno ba ta sani ba. Guda ɗaya ne kawai muka bambanta a kansa ƙwarai, kuma a kansa duk maganata take. Su sai da alƙawari. Mu ƙofarmu a buɗe take, zumunta a ƙafa take, ɗan'uwa ba ya neman izini kafin ya kamo hanya, kuma ba na fatan ranar da za mu bar wannan. Amma ka lura: alƙawarin lokaci yana kare mai gida a Japan, yana ba shi damar ya shirya, ya ɓoye abin da ba ya so a gani. Mai gida a ƙasar Adar, inda za ka koyar, ba shi da wannan kariya. Duk yadda ka same shi haka ka same shi, ko da hatsi ko babu, ko cikin shiri da iyali ko cikin faɗa. Abin da ya rage masa shi ne hankalin baƙonsa. Shi ya sa nauyin ladabi a wurinmu ya fi karkata a kan mai zuwa.

Ka fara tun daga nesa. Ka kashe babur kafin ka kai inda dattawa suke zaune, ka turo shi da hannu, kada ka tulo musu ƙura. Ka cire baƙin tabarau, ka cire abin sauraron da kuke toshe kunne da shi. Samarin yanzu sai su tsaya a ƙofar gida su danna oda, ko su buga salula su ce ga ni a waje, ko sallama babu. Kai ka tsaya daga gefen ƙofa, ba tsakiyarta ba, yadda idonka ba zai faɗa cikin gida ba, ka yi sallama da muryar da za a ji. In ba a amsa ba ka jira, ka sake, ka jira, ka sake ta uku, sannan ka juya ba tare da ɓacin rai ba. Ka san labarin Abu Musa al-Ash'ari da ya nemi izini sau uku a ƙofar Sayyidina Umar, da bai ji amsa ba ya koma. Suratun Nur ta yi hukuncin wannan, Risalar Ibn Abi Zaid da muka karanta a zaure ma ta ware masa babi. In an tambaya wane ne, ka faɗi sunanka da aikinka, kada ka ce ni ne. Gidan da ba a shiga, ka aiki yaro ya yi maka iso, ka jira a zaure ko gindin bedi. Ko an ce ka shigo, ka ɗan dakata, ka yi gyaran murya, ka ce gafaranku dai, ka ba mata lokacin jawo mayafi.

Takalmi kuwa, tun kafin ka kai bakin tabarma. Mu mutanen ƙasar Madawa ba a koya mana darajar tabarma, mun ga yadda mata ke zama kwana da kwanaki a kan kaba kafin guda ta haɗu. Wadda za a shimfiɗa maka wataƙila ita ce sabuwar da ake naɗewa a rataye don baƙo. Kada ka zauna sai an ce bismilla, kada ka zauna a kan buzun salla, kada ka miƙe ƙafa wajen babba. Za su kira ka Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakkwal, kuma za su aika a ɗauko maka kujera guda ɗin nan ta gidan mai gari. In dattawa a ƙasa suke, ka gode, ka zauna a ƙasa. In sun nace har sau biyu sau uku, ka karɓa, don ƙin karɓar girmamawa shi ma wani irin girman kai ne. Amma gobe ka riga kujerar zama.

Gaisuwa ba a gaggawarta. Ka durƙusa wa wanda ya haife ka ko ya yi jika da kai, kada ka riga shi miƙa hannu, in ya miƙo ka karɓa da biyu. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina aiki, ina sanyi ko ina zafi, kowace da amsarta, kuma duka amsar lafiya lau ce, ko da akwai mara lafiya kwance a ɗaki. Kada wannan ya ruɗe ka. In an gama an ɗan yi shiru, za a sake ɗauko gaisuwar daga farko, a zagaye na biyu ko na uku ne za ka ji an ce sai dai mai ɗakin ce ba ta ji daɗi ba kwana biyu. Wanda ya yanke gaisuwa ya zaro takarda, ba zai taɓa jin wannan ba, kuma sau da yawa a cikinsa dalilin rashin zuwan yaro makaranta yake. Mai gari ka ce masa ranka ya daɗe, tsoho Baba, tsohuwa Inna, mai karatu Malam. Ga wani abu da zai same ka ranar ɗaukar sababbin yara: uwa ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba, uba ma sau da yawa haka. Alkunya ce. Kada ka matsa, kada ka yi dariya, ka juya ka tambayi kaka ko maƙwabciya. Kada kuma ka tsaya tsakar gida kana ƙirga ƴaƴan mutum da yatsa. In ka yaba jariri, ka haɗa da tubarkalla.

Sai ruwa. Kafin a tambaye ka abin da ya kawo ka, za a kawo maka shi, wani lokaci da ɗan gari ko fura a dame a ciki. A ƙauyukan kan dutse, da bazara, ruwan nan wata yarinya ce ta fita tun asuba ta ɗauko shi a ka ko a kan jaki, ta yiwu ma ɗalibarka ce. Na ga ma'aikata da yawa suna kawar da kai daga ƙwaryar, su zaro ledar ruwansu daga jaka su sha a gaban mai gida. Ba su san abin da suka faɗa masa ba. Ban ce ka sha abin da zai kwantar da kai ba. Kurkunun da ya sa muka riƙa tace ruwa da ƙyalle an tabbatar da ƙarewarsa a Nijar tun 2013, amma zawo da ciwon ciki suna nan, kuma koyar da tsabtar ruwa yana cikin aikinka. Sai dai wurin wannan darasi aji ne da taron kwamiti, ba kan tabarmar mutum ba. Ka karɓa da hannu biyu, ka yi bismilla, ka kurɓa ko kaɗan ne, ka ce alhamdu lillahi, ka ajiye a hankali ka rufe da faifai.

Yanzu na zo inda nake so ka fi natsuwa.

Ƙasarmu ƙasar ci-rani ce. Da an gama girbi maza sun kama hanyar Abijan, Legas, Kamaru, Libiya. Lokacin da aka fara babban aikin gyaran ƙasa na Keita a 1984, da kuɗin Italiya, bayan farin da ya cinye dabbobi da hatsi, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su a kan tuddai mata ne, ana biyansu da abinci, don maza ba sa nan. Ba kai ka ga waccan shekara ba, amma 2005 da 2010 ka ji labarinsu a gidanku. Har a shekarar da ake cewa an samu, gidaje da yawa rumbunsu ba ya kai su ga sabon hatsi. Tun watan huɗu ko na biyar, kana cikin shekarar karatu, za ka shiga gidan da tsohuwa ce da surukarta da yara, ana jiran aike daga wanda ya tafi, kuma furar rana ita ce abincin wuni. Mutanen nan in ka zauna musu har lokacin cin abinci, ba za su ce maka babu ba. Za a zagaya ta baya a ranto tiyar gero wurin maƙwabta. Za a kama kazar da ake ajiye da ita don ranar da yaro zai yi zazzaɓi. Za a kawo maka da fara'a, a ce ka yi haƙuri ba yawa, kai kuwa ka tafi kana yabon karamcin mutanen ƙauye, ba ka san bashin da ka bari ba.

Don haka ka iya zaɓen lokaci. Da hantsi, ko bayan la'asar ka tashi kafin magariba. In ka shiga ba ka ji ƙarar turmi ba, ba ka ga hayaƙi ba, ka yi kamar ba ka lura ba. Kada idonka ya je kan rumbu, kada ka tambayi yadda aka samu bana sai in mai gida ne ya ɗauko zancen, kada ka ce ina akuyar da na gani rannan. An sayar da ita, kuma ya san ka sani. Mutum yana iya jure yunwa shekara guda, amma ya ga baƙo ya gane halin da yake ciki, wannan ya fi yi masa ciwo. Duk ladubban da na lissafa maka, tsayawa gefen ƙofa, gyaran murya, sunkuyar da kai, don abu guda aka yi su: mai gida ya fito maka a cikin suturarsa.

In kuwa an riga an kawo abinci, magana ta canza, ci ya zama dole. Ƙin ci a lokacin ya fi komai muni, don hasarar an riga an yi ta, sai ka ƙara da wulaƙanci. Ka wanke hannu, ka ci da dama, ka ci gabanka, kada ka tona tuwo kana neman nama. Za ka ga mai gida ya ajiye akushin ya ba ka wuri, ya fita. Ba gudunka yake ba, so yake ka ci ba kunya. A Japan ladabi shi ne baƙo ya cinye har ƙwayar shinkafa ta ƙarshe, don nuna bai raina wahalar manomi da mai dafawa ba. Mu namu akasin haka ne, kuma dalilinmu yana tsaye a bayan zana yana leƙe: yaran gida suna jiran kwanon baƙo. Ka rage musu, ka rage mai kyau, har da tsokar nama. Yaron da ya zo ɗaukar kwano ka sa masa ɗan tukwici a hannu, ka ce ya gaida Inna, an gode, Allah ya amfana.

Kada ka je hannu rabbana inda za a girmama ka, amma kada tsarabarka ta fi ƙarfin gidan. Goro ga dattijo, sukari da ganyen shayi, sabulu ga tsohuwa, ƴar albasa in ka fito daga gida, tunda ƙasarmu ce ƙasarta. Masu dawowa daga ci-rani wasunsu sun ɓata wannan. Sai su tsaya tsakar gida suna zaro kuɗi ana gani, suna kiran suna ɗaya ɗaya. Wanda aka ba ya ji daɗi a ranar, wanda ba shi da abin ramawa ya kwana da nauyi. Kai ka ba yaro ya shiga da ita cikin gida, ba sai an buɗe a gabanka ba. In ka ga alamar ana cikin matsi kuma kana da hali, ka bari sai wajen ban kwana, ka dunƙule abin a hannu, ka sa a tafin tsohuwa ka ce ga na goro. Ita ta san ba na goro ba ne.

Abin da idonka ya gani a gidan mutane, a nan za ka bar shi. Ba a ɗakin malamai ba, ba a wajen shan shayi ba, ba ma a wurin mahaifiyarka ba in ka zo hutu. Salular nan kuma ta zauna a aljihu. Raina yana ɓaci in na ga an ɗauki hoton tsohuwa a bakin murhunta, ko yaro da yagaggiyar riga, an baza a WhatsApp da Facebook, wai ana nuna halin da ƙauye ke ciki. Ita ruwa ta ba ka, ba ta ba ka izinin kai tsakar gidanta Yamai ba. In aiki ya sa dole a yi hoto, a tambaya, a jira ta sa zanen da take so a gan ta da shi.

Da ka isa, kafin a samo maka ɗaki, a gidan wani za a sauke ka, galibi na mai gari ko na shugaban kwamiti. Addini ya ba baƙo kwana uku, ya kuma hana shi zama har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Kai wata tara za ka yi. To, bayan kwana ukun ka daina zama baƙo. Albashinka na farko ka auno gero, ka haɗa da kuɗin cefane, ka ba mai gida a keɓe ka ce a ƙara a tukunya. Zai ƙi, ka nace, in ya ƙi ƙwarai ka bi ta hannun uwar gida. Ka share ɗakinka, ka ɗebo ruwan wankanka ko ka biya mai jaki, kada ka mai da ƴaƴan gidan ƴan aikenka don kai ne malaminsu. Wannan al'ada ta masauki ita ta riƙe Bahaushe a duk inda ya je. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, da zangon Kumasi, a kanta suka tsayu: fatake su sauka gidan mai gida, ya ba su ɗaki da tuwo, ya tsaya musu a ciniki, su kuma su san hakkinsa. Iyayenka da suka je Abijan ba otal suka sauka ba, ɗakin ɗan garinsu suka kwana, har suka sami abin yi. Al'adar ta rayu ne don baƙi sun san lokacin da ake fara sa hannu a aljihu.

Ba Hausawa kaɗai za ka tarar ba. Ƙasar nan tun daga Arzarori da Galma, inda Buzayen Kel Geres suke, har Keita, a cakuɗe muke da Buzaye da Fulani, kuma ƴaƴansu suna cikin ajinka. In ka je wurin Buzaye aka ɗora shayi, ka san ka zauna ke nan, zagaye uku ne, ba a tashi bayan na farko. Namijinsu zai kai kofi ta ƙarƙashin amawali ya sha, kada ka zuba masa ido. A al'adarsu bukkar ta matar ce, ka gaishe ta gaisuwar mai gida. A rugar Fulani za a ba ka nono, su koma gefe. In su suka zo wurinka, ka ajiye musu abinci ka ba su wuri, don da wuya su ci kana kallo. Ka koyi gaisuwa da harshen kowannensu ko da kalma uku ce.

Tashi ma sai an iya. Ana ba da labarin mutanen Kyoto, tsohon birnin sarautar Japan, cewa in mai gida ya yi maka tayin shinkafa da ruwan shayi, nufinsa zama ya isa. Mu ba mu da irin wannan alama. Bahaushe ko jakinsa na ɗaure da mangala yana shirin kasuwa, in ka ce za ka tafi sai ya ce tun yanzu? Kai za ka duba: an fara kallon rana, an kira shi daga cikin gida sau biyu, hira ta koma eh da haka ne. Ka ce to Baba, bari in koma. Zai taso ya raka ka. Ka tura babur ɗinka kuna tafe, in an ɗan taɓa tafiya ka tsaya ka ce a koma haka nan, na gode. Sau da yawa maganar da ta fi muhimmanci a wajen rakiyar nan take fitowa, inda ba kunnen kowa: kuɗin littafi ne babu, ko uban yarinyar ya riga ya karɓi kayan wani. Kada ka tada inji sai ya juya. In kun haɗu washegari a masallaci, ka riga shi cewa ina gajiyar jiya.

Su ma za su zo maka. Ranar da uban yaro ya yi sallama a ƙofar ɗakinka, ko da gyaran takardun jarrabawa kake yi, ka ajiye jan biro, ka miƙe tsaye, ka tare shi a waje. Wataƙila bai taɓa shiga aji ba, kuma sai da ya yi kwanaki yana shawara kafin ya zo. Kada ka sa masa Faransanci a magana. Ka tanadi randa mai murfi da moɗa mai tsabta, da buta, da ɗan goro a jiƙaƙƙen algarara. Tabarmi biyu na sa a saƙa maka a nan Urno, ɗaya ta kwana, ɗaya ka naɗe ka ajiye don masu zuwa. Ka biyo ka ɗauka kafin ka wuce Madawa, kuma ka shigo da wuri, kakarka tana so ta sa maka albarka.